An hana Baba tuwo, kuma yana ta ramewa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Mahaifina ya haura shekara 60, an gano yana da ciwon sukari, an ɗora shi kan ƙwayoyi. Tun daga nan mutanen gida suka hana shi tuwo da shinkafa da kunu, sai ganye da wake. Ya rame, wani lokaci jiri na ɗibarsa da hantsi. Likita ya ce mu ga mai tsara abincin marasa lafiya, amma yayyena sun ce ɓarnar kuɗi ce, wai masu wannan aiki yara masu tamowa kawai suke dubawa. Mu je ko mu bari?
Wata 'yar'uwa daga Garwa

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba Baba lafiya. Ku je, cikin makon nan ma. Jirin hantsin nan ne ya tayar min da hankali. Wasu ƙwayoyin maganin ciwon sukari, irin su glibenclamide, suna sauke sukarin jini ko mutum ya ci ko bai ci ba. Idan aka janye masa tuwo baki ɗaya, awon zai iya faɗuwa ƙasa da giram 0.70 a lita, sai rawar jiki da gumi da jiri, har suma. In hakan ta faru kuma yana iya haɗiya, a jiƙa masa ƙwayar sukarin shayi uku a ruwa ya sha, sannan a kai shi asibiti.

Na gane inda yayyenki suka samo wannan tunani. A Marwa, Mokolo da Kuseri mun saba ganin ma'aikatan abinci mai gina jiki riƙe da maɗaurin auna damtsen yaro: ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani, a ba shi Plumpy'Nut, abincin gyaɗa na cikin leda, ko a kwantar da shi a asibiti kan madarar masu tamowa, F-75. Waɗannan sun fi aiki da jama'a da rigakafi. Wanda likita ya tura ku wurinsa kuwa majinyaci ɗaya yake zama da shi, ya duba awon jininsa, nauyinsa, magungunansa da lafiyar ƙodarsa, sannan ya tambayi abin da ake dafawa a gidan. Maganin na hannun likita, kwanon yana hannun mai tsara abinci, kuma dole su tafi tare.

Ba na tsammanin zai raba Baba da tuwo. Yawansa zai rage. Galibi rabin kwano miya ce da ganye, kuka, kuɓewa, yakuwa ko zogale; kashi ɗaya cikin huɗu tuwon dawa ko gero; sauran kifin Lagdo, wake ko nama. A zuba masa nasa daban, don a kwanon taro ba a sanin abin da mutum ya ci. Inda sukarin yake ɓuya shi ne shayin safe da yamma, zoɓo mai zaƙi da lemon kwalba: gwangwanin Coca-Cola guda yana da kusan giram 35. Zuma da tuwon alkama da ake ta yabawa su ma suna ɗaga sukari, kada a sake da su.

Zai kuma yi muku maganar gishiri, domin sukari da hawan jini sukan zo tare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana, wajen ƙaramin cokali guda, kuma dunƙulen Maggi da kanwa duk suna cikin lissafin. Ina jin zafin masu tallar garin magani a kasuwa da sunan "maganin sukari har abada"; na ga tsofaffi sun ajiye ƙwayoyinsu saboda su, suka dawo da gyambo a ƙafa.

Ranar zuwa, ku riƙe katin asibiti da kwalayen magani, da rubutun duk abin da ya ci na kwana uku, har goro da shayi. A tafi da wadda take yi masa girki, ita ce za ta aiwatar. Ku kuma tambayi yadda zai yi da azumi tun watan Sha'aban, don a gyara masa lokacin shan magani.