Amsar Baffa Kan Lambobin Kakanku Na Yaƙin Bama

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce kun buɗe akwatin ƙarfen marigayi kakanku kun tarar da lambobin soja guda huɗu, da wani ƙyalle mai hoton gizo-gizo, da ɗan littafi da ya fara cinyewa, kana tambaya ko a goge su, ko a raba wa magada, ko kai ma za ka iya maƙalawa. To, kafin komai ka san abin da ke hannunka.

Ƙyallen nan, in gizon baƙi ne a kan rawaya, tambarin Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ne, wadda ta yi yaƙi da Japanawa a kwarin Kaladan a ƙasar Bama a 1944. Da Runduna ta 82 ya yi, da mashi biyu za ka gani sun gitta a cikin gammo. Duk ƙarƙashin RWAFF suke, wato rundunar sojan Turawan Ingila ta Afirka ta Yamma, masu bajon hula mai hoton bishiyar kwakwa.

Lambobin kuwa, waɗanda tsofaffin soja ke kira minda, ta ƙyallensu ake fara gane su. Taurarin tagulla masu tsini shida iri ɗaya ne a ido, sai ka karanta rubutun da ya kewaye tsakiya. Tauraron 1939-45 ƙyallensa kashi uku ne daidai: shuɗi mai duhu, ja, shuɗi mai haske. Na Bama ja ne a tsakiya, kowane gefe shuɗi mai duhu da zanen ruwan goro a cikinsa. Farar mai faɗi da zaki a tsaye kan wata dabba a bayanta ita ce lambar yaƙin gaba ɗaya. In ka ga tauraro mai ƙyalle ruwan ƙasa, to ya taɓa Gabashin Afirka, yaƙin Habasha da Italiyawa ke nan, kafin a kai su Bama. Jerinsu: 1939-45, Afirka, Bama, lambar tsaro mai kore da ruwan goro, sannan ta yaƙi.

Kada ka nemi sunansa a jikinsu. Na Yaƙin Duniya na Biyu Ingila ta bayar da su ba suna, saɓanin na Yaƙin Farko da ake buga suna da lambar aiki a jikinsu. Shi ya sa wancan littafin sallama ya fi lambobin daraja: shi ke ɗauke da lambar aikinsa, da muƙaminsa, ko kurtu ne ko mai igiya, da shekarun da ya yi. Ba littafi, tauraron Bama ƙarfe ne kawai, irinsa dubbai. Ka ɗauki hoton kowane shafi yau ɗin nan. Kada a manna masa salatif, kada a kai shi a lulluɓe da roba mai zafi, tawada ke lalacewa.

Batun gogewa, kul. Kada wani ya ɗauko toka da lemon tsami kamar za a wanke tukunya, ko man goge ƙarfe. Suna cinye zanen, kuma duhun nan na tsufa masu sanin abin so suke su gan shi. Tsohon buroshin haƙori mai laushi ya isa, da ɗan ruwan sabulu a kan ƙarfen kaɗai, a tsane nan take. Ƙyallen ko ya koɗe a bar shi, kada ya ga ruwa. Ajiya a farar takarda, kowace daban, ba a leda ba, domin leda na riƙe laimar damina har tagulla ta yi kore. A ɗaga akwatin daga ƙasa saboda gara.

Rabo kuwa, gado ne, hakkin magada ne, ba na jayayya. Amma in an warwatsa su kowa ya tashi da ɗan ƙarfen da ba ya shaidar komai. Shawarata ku zauna, kowa ya yafe rabonsa da bakinsa, a damƙa su duka da littafin ga wanda zai kula, ba lalle sai babba ba.

Sakawa fa: mai lamba shi ke sa ta a ƙirjin hagu. Ɗa ko jika a dama yake sawa, don a san ta magabacinsa ce, kuma sai a ranar tunawa da mazan jiya, 15 ga Janairu a Najeriya. Ban da biki, ban da hawan Sallah.

Sannan ka sake duba ƙasan akwatin. In akwai harsashi ko wani abu mai kama da gurneti, kada ka taɓa, tsufa ba ya kashe shi. Ku fita daga ɗakin a sanar da 'yan sanda.

Ka gaishe da mahaifiyarka.