Amsar tambayar tayar da tsohuwar Vespa da kayan Ƙofar Ruwa

Assalamu alaikum, jama'ar zaure barkanmu da yamma. Wannan amsa ce ga ƙaninmu da ya turo hoton Vespar Baba, wadda ya ce ta yi shekaru a jingine a soro, yana tambaya ko kayan gwangwan, wato na hannu, na kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano za su tayar da ita. Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Za ta tashi in sha Allahu, amma kada ka shiga kasuwa tukuna.

Fara tsugunawa ka goge hannun injin ta ƙasa da tsumma da kananzir, akwai lamba a buge a wurin. In ka ga VBC1M, Super 150 ce. VLB1M kuwa Sprint ce, VLX1M kuma PX 150. A hoton na ga ƙaramar taya mai inci 8, alamar Super ke nan, don Sprint da PX inci 10 suke takawa. Sai dai Vespar Kano ta sha hannu, kana iya samun jikin Super da injin wata, shi ya sa lambar ce shaida. Silindar Super hanyar mai biyu gare ta a gefe, ta PX uku, haka kan karanshaf inda fankar magneto ke zama ba kauri ɗaya ba ne. Mai kaya zai ce maka "duk ɗaya ne, Alhaji", alhali ba ɗaya ba ne. Kayan LML, Vespar Indiya, na PX ne. Na tsohuwar Bajaj sun fi kusa da taka, su ma ka tafi da tsohon a hannu ka gwada.

To, kada ka buga kik. Cire filogi, ka zuba kamar cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin, ta kwana, washegari ka juya fankar da hannu. In ta ƙi, ringi ya kama da tsatsa, ƙarfi ba zai yi ba sai dai ya karya. A sauke inji kawai.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne wanne ake saye na hannu, wanne ne dole sabo. Ƙarfe mai kauri, irin su kaskon inji, haƙoran giya, fanka, rim, cokali mai yatsu na gaba (ƙarfen da ke riƙe tayar gaba), murfin gefe, fitila, duk na gwangwan sun yi, sau tari ma tsohon na Italiya ya fi sabon da ake kawowa yanzu. Amma oyil sil (robar da ke tare mai da iska), gasket, boris, ringi, kulocifilet, kebul da tiyon mai, ko kyauta aka ba ka tsoho kada ka ɗaura. Roba in ta daɗe bushewa take. Oyil sil na ɓangaren kuloci in ya mutu, injin zai riƙa zuƙar man giya, ka ga farin hayaki ba ƙarewa, man giyar kuma yana warin fetur. Na ɓangaren fanka ya fi mugunta, iska yake sha, sulo ya ƙi sauka, injin ya yi zafi har fistin ya kama kana tsakiyar titin Zariya.

Yauwa, in za ka sayi kaskon inji na hannu, leƙa ciki daidai ƙasan inda kafireta ke zama. Akwai wani ɗan fili mai santsi da kumatun karanshaf ke wucewa a kansa, shi ke buɗe wa mai hanya yana rufewa. Sa farce ka shafa. In farcenka yana maƙalewa a zane, ajiye musu kayansu komai araha. Irin wannan injin tofo fetur yake ta kafireta, ya yi wuyar tashi, ka yi ta canja filogi a banza. Kuma ka sayi ɓari biyun kaskon tare, daga inji ɗaya.

Sai kuros, ƙarfen nan mai kai huɗu da ke zaɓar giya. Vespar da ke fitar da giya da kanta, galibi shi ne ya cinye. Sa sabo tunda inji a buɗe yake. Ka gaya wa yaron da zai kwance cewa zarensa na hagu ne, yadda ake ɗaure sauran noti haka shi ake kwance shi. Da yawa a nan suke murɗe sandar da kuros ɗin ke ɗaure a kai.

Silinda kuma, asalin faɗinta milimita 57 ne. In ta yi zane a kai ta bori zuwa 57.2 ko 57.4, amma ka fara sayen fistin ka kai wa mai borin ya auna da shi. Kibiyar da ke kan fistin salansa take kallo. Kulocifilet guda 3 ne, a jiƙa su a baƙin mai su kwana kafin a haɗa.

Wuta ba ta da wahala. Kwantak a buɗe shi milimita 0.4, bakin filogi milimita 0.6, filogin kuma gajere, NGK B6HS ko B7HS. Dogon na PX 200 ne, in ka sa shi zai iya taɓa fistin. Kwandensa canja shi kawai. Kafireta a wanke jet da fetur a busa, ban da tsokana da waya, kuma kada a matse kusoshinta biyun nan da ƙarfi, lanƙwashewa take ta riƙa yoyo. Tanki a zuba masa kananzir da 'yan noti a jijjiga har tsatsar ta fita.

Jiki kuwa, Vespa ba ta da firem daban, kwanon shi ne ƙashinta. Kwantar da ita ka ƙwanƙwasa ƙasan wurin taka ƙafa. In ya rube, walda da sabon faranti kafin maganar fenti, kada mai fenti ya cike maka da fila.

Man giya SAE 30 ne, mililita 250. Haɗin fetur kuma mililita 20 na man 2T a kowace lita ɗaya, kenan lita 5 mililita 100. Nemi sirinji ko kwalbar awo, bar awon ido, kuma bar baƙin man da aka juye daga mota. Kilomita 500 na farko a lallaɓa ta, ban da cika totur, ban da goyo, bayan nan a juye man giya a sake ɗaure notin kan silinda.

Ka turo hoton lambar injin da na cikin tanki, sai mu san jerin abin da za ka nema. Wassalam.