Kafin ki ci bashin kujeru, je ki karɓo dardumominki

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a Kano. Shekara biyu ke nan ina sana'ar shirya tsakar gida idan za a ci abinci a waje, kamar buɗa-baki, walimar sauka, cin abincin Sallah, wani lokacin har suna. Da kuɗin adashi na fara, naira dubu 300. Nakan kai dardumomi da tum-tum da fitilu, in shimfiɗa, in ƙawata wuri, washegari in kwashe. Ina karɓar kamar dubu 30 a kowane aiki. A watan jiya na yi aiki 7, uku na kuɗi, sauran na 'yan'uwa ne, su kuwa ba a karɓar kuɗinsu. Damuwata kayan sun yi mini kaɗan. Wasu suna gidan yayata, wasu gidan ƙanwar maigida tun Sallah, ban ma san adadin da ya rage ba. Ina so in ci bashin naira miliyan 2 in sayo fararen kujeru da tebura da furannin roba irin waɗanda nake gani a Instagram, in shiga sahun manya. Ko akwai dabarun ado masu sauƙin kuɗi da zan riƙa lallaɓawa da su kafin bashin ya fito?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Dabarun ado akwai su, za mu zo kansu. Amma akwai maganar da kika faɗa a guje, ni kuma a nan na tsaya: "ban ma san adadin da ya rage ba." Mai ba da hayar kaya da ba ta san yawan kayanta ba, me take bayarwa haya? Dubu 300 ɗin adashinki ai su ne suka koma darduma da tum-tum. Duk dardumar da ta kwana a ɗakin yayarki, jarinki ne ake takawa a can. Kika ce kayan sun yi kaɗan. Wa ya gaya miki? Ba ki ƙirga ba. Mai yiwuwa kayanki sun ishe ki aiki biyu a rana ɗaya, suna dai zaman baƙunta ne a gidajen dangi.

Zo mu yi lissafin watan jiya da alƙalumanki. Aiki uku na kuɗi, dubu 90 ke nan. Ba ki faɗi abin da kike kashewa ba, kuma na tabbata ba ki rubuta ba, don haka bari in ƙaddara. A ce kurkura kai da ɗauko dubu 6, yaran da ke taya ki shimfiɗa da naɗewa dubu 3. Wannan dubu 9 ɗin ba ruwansa da ko aikin na baƙo ne ko na ɗiyar gwaggo, sai an biya. Sau 7, dubu 63. Saura dubu 27 a hannunki, kafin a zo ga wankin dardumar da miyar kuka ta zube a kai, da igiyar fitilar da yara suka tsinka. Wato mutum uku da suka biya ki su ne suka ɗauki nauyin hidimar dangi huɗu, ke kuma kika tashi da ciwon baya. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin dako ya daina zama abin da ake kau da kai a ce "ba komai".

Akwai wata baiwar Allah da na sani, tana ba da hayar kujerun roba da rumfa. Ta fi ki jari nesa ba kusa ba, kuma unguwarsu ba a rabuwa da biki. Mabuɗin sitonta yana hannun ɗan yayanta, yaro mai ladabi, ba ɓarawo ba ne ko kaɗan. Abin da ya kashe ta shi ne kalmar "Anti ce ta ce a ba ni." Wannan ya zo ya ɗauki ashirin na zaman makoki, wancan ya ɗauki goma na taron iyali, yaro ba ya iya musa wa manya, ita kuma kunya ba ta barinta ta tambaya. Wata rana ta je biki a wata unguwa, ta zauna, ta sunkuya gyara takalmi, sai ga ɗigon shuɗin fentin da ta sa wa kujerunta a ƙarƙashin wadda take kai. Da ta bincika, ashe haya aka karɓo su, daga hannun wani da ya are su wurinta tun bara. Ranar da ta daure ta ƙirga abin da ke sito, bai kai rabi ba. Ta yi fushi, ta bi gida-gida da faɗa, kujerun ba su dawo ba, gaisuwa kuma ta yanke da mutane da yawa. Da tun farko ta kafa ƙa'ida da murmushi, da duka biyun sun tsira.

To ga abin da za ki yi a makon nan, kafin ki sake buɗe Instagram. Ki kira yayarki ki ce, "Yaya, an ba ni aiki, zan turo yaro gobe da safe ya kwaso kayan nan." Kada ki tambaye ta ko ta gama da su, don za ta ce saura kaɗan. Na gidan ƙanwar maigida kuwa, shi za ki sa ya yi maganar, bakinsa ya fi naki sauƙi a can. Idan kayan sun taru, ki baje su a tsakar gida, ki ƙirga, ki sa wa kowanne alama da lamba a bayansa da fenti ko zare mai launi, ki rubuta a littafi. Littafin makaranta mai ganye 60 ya isa. Duk abin da zai fita ƙofa, a rubuta ranar, da gidan, da yawansa, da wanda ya ɗauka, da ranar dawowa. Mabuɗi kuma a ɗaure a haɓar zanenki.

Ba na cewa ki daina yi wa dangi alheri. Ki ware tsofaffin dardumomi uku ko huɗu da suka koɗe, ki ce waɗannan su ne na aro, duk mai so ya turo a ɗauka da kuɗin dakonsa. Sauran na sana'a ne, ba sa fita sai da ke, ba sa kwana biyu a waje. Ɗan'uwan da yake son cikakken shiri, ki yafe masa ladan hannunki in kin ga dama, amma ya biya kurkura da yara tun kafin a ɗora kaya. Iyaye da surukai daban ne, ki yi musu kyauta da zuciya ɗaya, sai dai ki rubuta a littafi cewa kyautar dubu kaza kika yi, don ki san girman abin da kike bayarwa. Za a yi gunaguni. Za a ce tunda kika fara sana'a kin canza. Wata biyu ne, su saba. Baƙi kuma rabin kuɗi kafin alƙalami, kuma a faɗa musu tun farko cewa abin da ya fashe ko ya ɓace a gidansu su za su biya.

Yanzu bashin. Miliyan 2 idan za ki biya cikin shekara, kusan dubu 167 ne kowane wata, uwar kuɗi kawai, ba a zo maganar ruwa ba in masu ruwa ne za su ba ki. A lissafinmu kowane aiki na kuɗi yana bar miki dubu 21. Sai kin yi aiki 8 na kuɗi duk wata kafin ki biya bashin, ba ki sayi ko sabulu ba. Ke kuwa uku kike samu. Ga damina, daga Yuli zuwa Satumba wa zai shimfiɗa abinci a fili a Kano yana kallon hadari? Mai bashi kuma bai san damina ba. Waɗanda kike gani da fararen kujeru suna da sito, da mota, da ma'aikata, kuma a manyan ɗakunan taro suke aiki inda ake biyan miliyoyi. Hoton suke nuna miki, ba sa nuna miki littafinsu. Idan kika kawo kujerun nan gidanki a halin da kike ciki, abin da zai faru na san shi: dangi za su samu kayan aro masu kyau fiye da na da, ke kuma ki samu mai bin ki bashi.

Kuma ma tsakar gida ba ta son kujerun. Mutanenmu idan za su ci abinci a gida, musamman buɗa-baki, ƙasa suke so, a miƙe ƙafa, a jingina. Nan ne kasuwarki, kuma adonta ba shi da tsada.

Rabin kyan wuri shara ne da yayyafi. A share tas, a yayyafa ruwa kamar awa ɗaya kafin shimfiɗa, ƙura ta kwanta, wuri ya yi sanyi. Bangon da ya yi dabbare-dabbare, kada ki ɓata kuɗi a labule mai sheƙi; jingina zana sabuwa ko ki rataya asabari biyu-uku, ki maƙala faya-fayai masu launi a jiki, manya da ƙanana, ba a jere kamar 'yan makaranta ba. A kasuwar Kurmi za ki samu faifai da akushi da ƙwarya mai zane da ludayi da tum-tum na fata, kuma idan ɗaya ya ɓace ba za ki kwana kina kuka ba. Faifan da ya yi ado a bango yau, gobe shi ne murfin kwano ko mazaunin tukunya mai zafi. Kayan da ke aiki biyu su ne kayan mai ƙaramin jari.

Tsakiyar shimfiɗa tana son doguwar ƙyalle ɗaya da za a jera abinci a kai. Ki shiga Kantin Kwari ki tambayi ragowar yadi, ki ba tela ya kalmashe baki, ki sa leda a ƙarƙashi don maiƙo kada ya kai ga darduma. Launi biyu sun isa wuri ɗaya, uku in an matsa. Rinin shuni irin na Ƙofar Mata yana da kyau ƙwarai kusa da zana, amma sabo yana zuba, don haka a bango za ki sa shi, kada baƙuwa ta tashi da shuɗi a jikin farin leshinta ki shiga uku. Dabino a ƙaramin akushi, lemo da ayaba a ƙwarya, zoɓo da kunun aya a jere, ƙosai a faranti mai faɗi, ai abincin ma ado ne. Furen roba me zai ƙara? Tulun ƙasa a kusurwa da rassan darbejiya ko furen da ke kan katangar maƙwabta, in kin roƙa, ya fi shi, kuma ba sai kin wanke ba. Ki zuba yashi a cikin tulun don kada iska ta kifar da shi.

Fitila ita ce inda ya kamata ki ɗan saki hannu. Ki nemi masu igiya da ake caji ko na sola, masu haske ruwan ɗorawa, kada ki dogara da wutar gidan mutane, ƙarar janareta kuma tana kashe hira. Farin haske mai ƙarfi yana sa abinci ya yi fari fat, yana kuma tara ƙwari, shi ya sa ko da guda ɗaya mai ƙarfi za ki sa, ki kai ta can nesa da abinci, ƙwarin su bi ta. Kyandir da fitilar kananzir kusa da zana, ga yara suna guje-guje, kada ki kuskura. Kaskon turaren wuta a kunna shi kafin baƙi su iso, a ajiye a gefen da iska ke fitowa, nesa da shimfiɗa. Sai buta da tasa da sabulu da tawul mai tsabta a bakin shiga. Wannan ƙaramin abu matan gida sun fi tuna shi fiye da duk wani balan-balan.

Ki kuma duba kalanda. Azumi yana matsowa baya da kamar kwana 11 kowace shekara: a 2025 a watan Maris ya kama, a 2026 ya faɗo cikin Fabrairu, shekarun da ke tafe kuwa cikin tsakiyar hunturu za a riƙa shan ruwa. Ke nan babbar kakarki za ta zo da hazo da iska da sanyi. Farar kujera da furen roba a wannan yanayi kafin magariba sun yi ja. Abin da za a nema shi ne darduma mai kauri, zana mai tare iska, murafen abinci, da kula mai riƙe zafin kunu. In za ki ƙara kaya, ta nan za ki ƙara, kaɗan-kaɗan, daga ribar da littafi ya nuna.

Hotunan aikinki ki riƙa ɗauka da kanki kafin baƙi su zauna, da izinin masu gida, ki sa a WhatsApp. Farashi kuma ki raba shi gwargwadon yawan mutane, na mutum 10 daban, na 30 daban, don dubu 30 ɗin nan da kike yanka wa kowa ina zargin a wasu gidajen faɗuwa kike yi.

Ki riƙe littafin wata uku cur, ba tsallake. Bayan nan ki sake rubuto mini da abu uku: yawan kayan da kika ƙirga, yawan aikin kuɗi da kika samu, da aikin da kika mayar saboda kaya ba su isa ba. Idan na ukun ya yi yawa, sai mu yi maganar ƙarin jari, kuma ko a lokacin adashi zan fara ce miki ki shiga, ba bashi ba.