Tambaya da Amsa: Zan iya ɗebo ruwan naitirojin a fulas ɗin shayi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce, ina binciken kammala karatu a kan ƙwayoyin cuta, kuma a cikin ruwan naitirojin ake ajiye samfuranmu. Ɗakin da babban tulun yake ƙarami ne, kullum tagoginsa a rufe saboda ƙura da na'urar sanyaya ɗaki. Sau da yawa lita ɗaya kawai nake buƙata a wani ɗakin. Shin zan iya ɗibarsa a fulas ɗin shayi in murɗe murfin? Na kuma ga wani abokin karatuna ya ɗiga shi a bayan hannunsa bai ƙone ba, anya ba zuzuta haɗarin ake yi ba? Daga wata ɗaliba a Ƙofar Ƙaura, Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kada ki kuskura ki zuba shi a fulas mai murfin murɗawa. Wannan ruwa, wato iskar naitirojin da aka sanyaya har ta zama ruwa, yana tafasa ne a digiri 196 ƙasa da sifili a ma'aunin Selshiyos, saboda haka ko a tsakiyar sanyin hunturun Katsina ba ya daina tafasa, kuma kowace lita ɗaya idan ta koma iska tana cika wurin da ya kai kusan lita 700. Idan aka toshe wa wannan iska hanyar fita, fulas ɗin zai fashe, ɓaraguzansa su tarwatse a fuskar mai riƙe da shi. Tulun da aka yi dominsa, wanda ake kira "dewar" da sunan James Dewar, masanin Sikotland da ya ƙirƙiro shi a 1892, murfinsa sako-sako ne da gangan domin iska ta riƙa sulalewa. Ki roƙi mai kula da ɗakin gwaje-gwaje ya ba ki ƙaramin irinsa.

Amma gaskiya abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki shi ne ɗakin nan mai rufaffun tagogi, wanda ba ki ma yi tambaya a kansa ba. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari oksijin ce, kashi 78 naitirojin, don haka naitirojin ba guba ba ce. Illarta ita ce tana korar oksijin ta maye gurbinta, kuma ba ta da wari ko launi. A ɗaki mai mita 3 a tsawo da faɗi da bisa, idan lita 10 ta zube ta ƙafe, oksijin na iya sauka zuwa kusan kashi 16, alhali ƙasa da kashi 19.5 an riga an shiga haɗari. Jikin mutum ba ya jin ƙarancin oksijin kamar yadda yake jin hayaƙi, sai dai jiri da kasala da ruɗewar tunani, idan abin ya tsananta kuma mutum ya yanke jiki ya faɗi ba tare da ya san dalili ba. Na'urar sanyaya ɗaki irin wadda ake maƙalawa a bango iskar cikin ɗakin kawai take juyawa, ba ta shigo da sabuwa. Ki gaya wa malaminki cikin ladabi cewa ɗakin yana buƙatar mafitar iska da na'urar da ke ƙara idan oksijin ya ragu, a kafa ta ƙasa-ƙasa, domin iska mai sanyi ƙasa take kwantawa. Kafin nan, ki bar ƙofa a buɗe, kada ki yi ɗiban ke kaɗai, kada kuma ki shiga rufaffiyar mota da tulun. Idan kika tarar da wani a kwance a ɗakin, kada ki faɗa ciki da gudu. Ki buɗe ƙofa, ki yi kururuwar neman taimako.

Abokin karatunki kuwa sa'a ya taka. Kamar yadda ɗigon ruwa ke rawa a kan tanda mai zafi, haka ɗigon naitirojin ke shawagi a kan tururinsa na ɗan lokaci kafin ya taɓa fata. Da ya maƙale a ƙarƙashin zobe ko agogo, ko ya jiƙa hannun riga, da labarin ya sha bamban. Saboda haka ki cire zobe da awarwaro, ki cusa bakin hijabinki cikin rigar aiki, ki sa takalmi rufaffe maimakon silifa, da kariyar fuska, da safar hannu ta musamman mai yalwa wadda za ki iya yarfarwa nan take. Safar roba siririya ba ta tare wannan sanyi. Kariyar fuskar ta fi zama dole lokacin fito da ƙananan kwalaben samfuri, domin ruwan kan kutsa cikinsu, su fashe idan sun fara ɗumama.

Idan ya taɓa fatarki har ta yi fari ta sandare, kada ki murza wurin, kada ki kanga shi a wuta ko garwashi. Ki tsoma shi a ruwa mai ɗumin jiki, ki rufe da tsumma mai tsabta, sannan a kai ki asibiti a sanar da likita cewa ƙunar ruwan naitirojin ce.