Yaya aka gina birnin Chandigarh?

Tambaya: Malam, me ya sa Indiya ta gina Chandigarh daga tushe?

Amsa: Ɗan'uwa, da aka raba ƙasar a 1947, Lahore, babban birnin Punjab, ta faɗa hannun Pakistan, jihar Punjab ta ɓangaren Indiya ta rasa babban birni, shi ya sa aka gina mata sabo. Albert Mayer, Ba'amurke mai tsara birane, ya fara zana taswirar, sannan Le Corbusier, mai zanen gine-gine daga Faransa, ya karɓa a 1951. Ya yanka birnin unguwa-unguwa, kowace mita 800 faɗi, mita 1,200 tsawo, da kasuwarta da makarantarta a ciki, manyan motoci na bi ta gefe. Tun 1966 jihohin Punjab da Haryana ke tarayya a kansa a matsayin babban birninsu.

Inda aka yi sake, a ganina, mutum 500,000 aka yi wa tanadi, yau sun haura miliyan ɗaya. Leburorin da suka ɗora tubalin ma ba a ware musu isasshen matsuguni ba, sai suka kafa bukkoki a gefen gari.