Tambaya da Amsa: Ƙwallon Amurka wasa ne ko kokawa da hular kwano?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na zauna kallon ƙwallon Amurka a talabijin, na tashi ban gane komai ba. Ƙarti ne sanye da hulunan kwano, su yi karo, su zube, alƙali ya busa, su sake jeruwa. Yaya dokokinsa suke, kuma me Amurkawa suka gani a ciki har suka fifita shi a kan ƙwallon ƙafa?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Abin da ya hana ka ganewa shi ne ƙwallon ka zuba wa ido, alhali a wasan nan ƙasa ake ci. Filin yadi 100 ne, da gida mai yadi 10 a kowane ƙarshe, kowane ɓangare kuma mutum 11. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo ana ba ta dama huɗu ta ci yadi 10. In ta ci, a sake ba ta huɗu. In ta kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya a daidai wurin, shi ya sa a dama ta huɗu yawanci sukan doka ta can nesa don kada a karɓe ta kusa da gidansu. Layin nan ruwan ɗorawa da talabijin ke zanawa a fili shi ne inda suke son kaiwa, lambobin ƙasan allo kuma, misali 3 da 7, na nufin dama ta uku, saura yadi 7.

Wanda ya shiga gidan abokan hamayya da ƙwallo a hannu, ko ya cafe ta a ciki, ya samo maki 6. Daga nan su zaɓa: su buga ta tsakanin dogayen sanduna biyu su ƙara 1, ko su sake kutsawa daga kusa su ƙara 2. In hari ya cije a hanya, mai bugu ya zo ya gwada sandunan, maki 3.

Yanzu ka dubi abin da ke faruwa kafin karon da ka gani. Masu hari sukan haɗa kai a da'ira. Jagoransu, kwatabak, akwai 'yar na'ura a hular kwanonsa da koci ke yi masa magana ta ciki, shi kuma ya faɗa wa sauran tsarin da za a bi. Daƙiƙa 40 gare su. Sai manya biyar su durƙusa a gaba, na tsakiyarsu ya miƙo ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa. Aikin biyar ɗin nan su zama katanga, wani cikinsu sai ya gama kaka bai taɓa ƙwallo ba. Kwatabak ya ja da baya, mutane masu nauyin fiye da kilo 120 na neman kayar da shi, ya jefa ƙwallo wurin da babu kowa tukuna, domin ya san abokinsa zai yi gudun yadi 12 ya karya hagu ya iske ta a can. Jifa gaba sau ɗaya tak aka yarda a kowace dama. Duk wannan cikin daƙiƙu kaɗan, sai a tsaya, a sake shiri. Kamar dara ce, sai dai 'ya'yan darar mutane ne.

Shi ya sa minti 60 na wasan, kashi huɗu na minti 15, ke cin kusan awa uku. Canji kuma ba iyaka: masu hari daban, masu tsaro daban, masu bugu daban, ƙungiya ɗaya na da 'yan wasa 53.

A nan suka raba gari da tamaula. A ƙwallon ƙafa agogo ba ya tsayawa, canji biyar ne, wanda ya fita ya fita ke nan. Koci sai dai ya tsaya bakin layi yana ihu, shawarar kuwa tana ƙafar ɗan wasa. Kuma da yake ƙwallo ɗaya na iya raba gardama, ƙaramar ƙungiya kan toshe gidanta minti 90 ta kayar da babba. Wannan fargabar ce ke riƙe ni a kujera. Ba wai su ba su da irin nasu daren ba: mu muna tuna Istambul a 2005, inda Liverpool ta farke uku da AC Milan ta zura mata kafin hutun rabin lokaci, su kuma suna tuna Super Bowl, wato wasan ƙarshe na babbar gasarsu, na 2017, inda New England Patriots ta Tom Brady ta taso daga 28 da 3 ta doke Atlanta Falcons 34 da 28.

Asalinsu ɗaya ne. An kafa hukumar ƙwallon Ingila a Landan a 1863, wasan da jami'o'in Rutgers da Princeton suka yi a 1869 kuma ya fi kama da tamaula. Daga baya ɗaliban Amurka suka karkata ga zari-ruga, sai Walter Camp na jami'ar Yale ya kawo jeruwa a layi da ƙidayar dama a shekarun 1880. Wasan ya yi muni har ana mutuwa, abin da ya sa Shugaba Theodore Roosevelt ya sa baki a 1905, aka halatta jifa gaba a 1906 don a rage cinkoso.

Son da suke yi masa daga makaranta ya faro. Juma'a da dare 'yan sakandare, Asabar jami'o'i, Lahadi gasar ƙwararru ta NFL. Filin jami'ar Michigan kaɗai na ɗaukar mutum fiye da 100,000. Ƙungiyoyin NFL 32 ne, kowacce wasa 17 kawai take yi kafin zagayen sili-ɗaya-ƙwale, don haka kowane wasa na da nauyi. Akwai kuma abin da nake ganin sun fi mu: ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe ita ke fara zaɓen zaratan matasa masu fitowa daga jami'a, kuma an ƙayyade kuɗin albashin da kowa zai kashe. A Jamus kuwa Bayern Munich ta ɗauki kofin gasa sau 11 a jere, daga 2013 zuwa 2023. Wannan yana ci mini tuwo a ƙwarya, ko da Leicester ta ba mu mamaki a 2016.

Duk da haka ni tamaula na zaɓa. Ƙwallo da fili kawai take buƙata, shi ya sa FIFA ke da mambobi 211, wancan kuwa sai da hula da sulke da tarin mutane. Sannan akwai lafiyar kai. Likita Bennet Omalu ya binciki ƙwaƙwalwar tsohon ɗan wasan Pittsburgh Steelers, Mike Webster, bayan rasuwarsa a 2002, ya gano lalacewar da yawan karo ke jawowa, wadda ake kira CTE. Hular kwano tana kare ƙoƙon kai, amma ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza a ciki. Tamaula ma ba ta tsira gaba ɗaya ba, domin a 2015 hukumar ƙwallon ƙafar Amurka ta hana yara 'yan shekara 10 zuwa ƙasa buga ƙwallo da ka.

Tambaya: Malam, shin ana yin canjaras a wasan nasu?

Amsa: Ana yi, 'yar'uwa, amma da wuya. In lokaci ya cika maki daidai a wasannin kaka na NFL, akan ƙara minti 10, in ba a rabu ba a tashi kunnen doki. A zagayen sili-ɗaya-ƙwale da Super Bowl kuwa ba bugun fenareti, ci gaba ake yi har sai an sami gwani.