Shin ya kamata Atletico ta sallami Simeone?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko lokaci ya yi da Atletico Madrid za ta sallami kocinta Simeone. Ni dai ban goyi baya ba. Tun Disambar 2011 yake riƙe da ƙungiyar, kuma kafin zuwansa rabonsu da kofin La Liga tun 1996. Shi ya ciyo musu shi a 2014 da 2021, a gaban idon Real Madrid da Barcelona masu tarin kuɗi.

Na yarda salonsa na tsare gida yakan gundiri mai kallo, kuma kashin da Real ta ba su sau biyu a wasan ƙarshe na Zakarun Turai har yau yana min ciwo. Amma wa za a kawo? Manchester United ta yi ta canza koci bayan tafiyar Ferguson a 2013, shekara da shekaru kofin Firimiya shiru.